Zaren Fatsa: Ƙaramin Jari Da Ke Yanke Hukuncin Ribar Masunta

YAURI, Jihar Kebbi — A cikin kayan aikin masunci babu abin da ya kai zare araha, amma kuma babu abin da ya kai shi jawo asara idan aka yi kuskure wajen zaɓensa. Kwale-kwale da inji su ne ke cin manyan kuɗi, sai dai ranar da babban kifi ya kama ƙugiya, zaren nan ne kaɗai ke tsakanin masunci da abincin iyalinsa. In ya tsinke, kifi ya tafi, ƙugiya ta tafi, wahalar dare kuma ta tashi a banza.

Wannan batu ya wuce na masunta kawai. Alƙaluman da Gwamnatin Tarayya ta sha bayyanawa sun nuna cewa Nijeriya na buƙatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a kowace shekara, alhali abin da ake samarwa a cikin gida bai wuce kashi ɗaya bisa uku na wannan adadi ba. Kaso mafi tsoka na kifin cikin gida kuwa daga hannun ƙananan masunta yake fitowa, irin waɗanda ke su a Tafkin Kainji da Tafkin Chadi da kogunan Neja da Binuwai. Galibin zare da komar da suke aiki da su daga ƙasashen Asiya ake shigo da su, saboda haka tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023 farashinsu ya yi tashin gwauron zabi. Tsadar ta sa da yawa daga cikin masunta da 'yan kasuwa sun karkata ga mai araha, ba tare da duba ingancinsa ba.

Kafin zuwan nailan, da zaren auduga da na rama ake su, waɗanda ke saurin ruɓewa a ruwa. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya ƙirƙiro nailan a 1935, ya kuma fara sayar da zaren kamun kifi na nailan a 1939. Daga baya wasu nau'o'in suka biyo baya, kuma a yau iri huɗu ne ya kamata ɗan kasuwa ya sani.

Na farko shi ne zaren roba, wato nailan mai sili ɗaya. Shi ne ya fi yawa a kasuwa, ya fi araha, yana da sauƙin ƙulli, kuma yana miƙewa idan kifi ya fizga, abin da ke hana shi tsinkewa nan take. Aibinsa shi ne rana tana cinsa, yana kuma shan ruwa, ƙarfinsa ya ɗan ragu bayan ya jiƙa. Na biyu shi ne zaren nailan na tufka, wanda ake murɗa silili da yawa wuri ɗaya. Da shi ake saƙa taru da gyaran koma, da shi kuma ake yin uwar igiyar mari-mari, domin yana da laushi da juriya. Na uku shi ne fulorokabon, wanda kamfanin Kureha na Japan ya fito da shi a 1971. Ba ya shan ruwa, yana nutsewa da sauri, yana jure gogar dutse, kifi kuma ba ya saurin ganinsa, amma yana da tsada da tauri. Na huɗu shi ne zaren kitso da ake yi da sililin Dyneema ko Spectra. Ya fi duka ƙarfi idan aka kwatanta da kaurinsa, kusan ba ya miƙewa, sai dai kaifin dutse na saurin yanka shi, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin ƙananan masunta.

Lambobin da ke jikin ƙunshin zare suna da ma'ana, kuma mai shago da ya iya karanta su ya fi takwaransa riƙe abokan ciniki. A zaren roba ana rubuta kauri da milimita, ƙarfi kuma da kilo ko fam, inda fam ɗaya yake daidai da giram 454. Ƙarfin zare ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kaurinsa: idan kauri ya ninka sau biyu, ƙarfi kan ninka kusan sau huɗu. A zaren tufka kuwa ana ganin lamba kamar 210D/9. Lambar farko na nufin cewa mita 9,000 na sili ɗaya na da nauyin giram 210, ta biyu kuma ita ce yawan sililin da aka murɗa. Ke nan 210D/18 ya ninka 210D/9 a yawan sili.

Irin kifi da irin ruwa su ne ke nuna zaren da ya dace. Ƙarfasa ba ta buƙatar zare mai kauri, hasali ma siriri ya fi yaudararta. Tarwaɗa da ramboshi kan shige cikin saiwoyi da ciyawa, don haka suna son zaren da ke jure goga. Tsage na da haƙora masu kaifi da ke datse nailan, shi ya sa gogaggun masunta ke sa guntun waya kusa da ƙugiya. Giwan ruwa, wadda ke iya haura kilo 100, ba a tunkararta da zaren wasa. A Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968, akwai kututtura da duwatsu da ruwa ya rufe, kuma a irin wannan wuri juriyar goga ta fi ƙarfin ja muhimmanci.

Ba kowace lamba da aka buga a jikin ƙunshi ce gaskiya ba, amma gwajin ba shi da wuya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Mai saye zai iya yankar zare kamu biyu, ya jiƙa shi ya kwana, ya yi masa irin ƙullin da yake yi a bakin aiki, ya rataya bokiti, sa'an nan ya riƙa zuba ruwa da ma'auni har zaren ya tsinke. Dalilin yin ƙullin shi ne a nan zare ya fi rauni, kuma ƙulli mara kyau kan cinye kusan rabin ƙarfinsa. Haka kuma zaren da ya dusashe, ko yake barin farin gari a yatsa, ko yake da kaushi idan an shafa, ya tsufa ko ya sha rana, komai sabuntar ledarsa.

A nan ne alhakin 'yan kasuwa ya shigo. Al'adar baje zare a rana a bakin shago ko a kasuwar bakin ruwa tana kashe haja tun kafin a saye ta. Ajiya a inuwa, nesa da fetur da zafin kwano, da sayar da tsohon kaya kafin sabo, ba sa cin ko kwabo. Dillalan kifi da ke ba masunta kayan aiki bashi, su biya da kifi ko banda, su ma abin ya shafe su kai-tsaye, domin masuncin da zarensa ke tsinkewa ba zai iya biyan bashi a kan lokaci ba.

Akwai kuma asarar da ba a gani. Nailan ba ya ruɓewa da wuri, don haka zare da komar da suka tsinke suka zauna a ƙarƙashin ruwa kan ci gaba da kama kifi suna kashewa ba mai amfana, su kuma naɗe farfelar injin jirgi. Dokar Kamun Kifi a Ruwayen Cikin Ƙasa ta 1992 ta tanadi ƙa'idoji kan kayan su, kuma Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa na nan domin ba da shawara ga ƙungiyoyin masunta da masu shigo da kaya.

Lissafin da ya dace shi ne na yawan kwanakin da zare ya yi yana aiki da yawan kifin da ya fitar, ba na kuɗin da aka biya ranar saye ba. Ƙunshin da ya yi rabin farashi amma aka sauya shi sau uku a damina ɗaya ya fi mai tsadar cin kuɗi, ban da kifin da ya kuɓuce. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a bakin ruwa ba ta cika kwando.