Lissafi a Cikin Wasa: Misali Daga Wasan Dara

Masana sun daɗe suna nazarin lissafin da ke cikin wasan ƙwallon lambu, watau golf. A filin St Andrews na ƙasar Sikotlan aka mai da ramukan wasan 18 a shekarar 1764, bayan da can 22 ne, kuma wanda ya zaga su da mafi ƙarancin bugu shi ne gwani. Shi ma Bahaushe yana da nasa wasan ramuka, watau dara, wadda manya ke yi a gindin itace a garuruwa irin su Kankiya da Kusada, musamman da rani bayan an kawar da amfanin gona. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa dabarun dara a kan lissafi suka ginu.

Akan haƙa gidajen dara 30 a ƙasa, layi 5 masu gida shida-shida. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, wani tsinkaye, wani tsakuwa. Idan an gama kasawa, gida 24 sun cika, saura 6 kurum na motsi. Wanda ya jera 'ya'ya uku a miƙe, a tsaye ko a kwance, ya ci ɗa guda na abokin karawarsa. Jeren karkace ba ya ci.

To, ta hanya nawa za a iya jera uku? Kowane layi mai gida 6 yana ɗauke da jere 4, layi 5 sun ba da 20. Kowane layi mai gida 5 yana ɗauke da jere 3, layi 6 sun ba da 18. Jimla jere 38 ke nan. Amma gidajen ba darajarsu ɗaya ba. Gidan kusurwa yana shiga jere 2 ne kawai, kuma ɗan da ke cikinsa hanya biyu gare shi. Gidaje biyu na tsakar fage kuwa, kowannensu yana shiga jere 6, da hanyar motsi huɗu. Wannan shi ya sa gwanaye kan yi rige-rigen kama tsakiya tun wajen kasawa, ko da ba su taɓa ƙirga jeren ba. Wanda ya yi sake aka tura 'ya'yansa gefe, sai dara ta ci gida.

Abin lura ga malamai a nan shi ne, yaron da ya tashi yana kallon dara ya riga ya san ninkawa da debewa a aikace kafin ya ga allo. Da za a zana gidajen nan 30 a harabar makaranta a sa ɗalibai su gano jeren 38 da kansu, da darasin ninkawa ya zauna musu da harshensu. Haka kuma ya kamata manazarta su tattara kalmomin dara daga bakin dattawa tun masu su na raye.