Ƙere-ƙeren Arduino: kayan gano matsala da ya kamata matashi ya fara mallaka

Famfon lambu mai kunna kansa in ƙasa ta bushe, ƙararrawar shago, na'urar auna zafin ɗakin kaji: irin abubuwan da ake iya haɗawa ke nan da ƙaramin allon lantarki da bai kai tafin hannu ba. Sai dai ranar da allon ya ƙi aiki, mai koyo kan yanke hukuncin cewa ya ƙone, ya shiga neman sabo. Ga wanda ke Maraɗi ko Damagaram, wannan na iya zama asarar kuɗi da doguwar jiran saƙo daga waje, alhali sau da yawa allon lafiyarsa lau.

An fara Arduino ne a garin Ivrea na Italiya a 2005. Samfurinsa Uno, mai guntun ATmega328P, yana aiki da bolt 5. Shi kuwa ESP32 na kamfanin Espressif, wanda ya fito a 2016 ɗauke da Wi-Fi da Bluetooth, bolt 3.3 yake so, haka ma Raspberry Pi Pico na 2021. Tura bolt 5 kai tsaye a ƙafafunsu na iya lalata su. Shi ya sa abin saye na farko shi ne mitar auna wuta, irin ta masu gyaran salula. Ita za ta nuna ko wuta na isa, da inda waya ta tsinke ko dalma ba ta kama ba.

Na biyu igiyar USB. Akwai igiyoyin da caji kawai suke yi, ba sa ɗaukar bayanai, kwamfuta ba za ta taɓa ganin allon da su ba. Sannan yawancin allunan kwaikwayo masu araha na ɗauke da guntun CH340, wanda wani lokaci sai an saka wa kwamfuta ƙaramar manhajarsa kafin ta gane shi.

In wuta da igiya sun daidaita, sai a duba umarnin da aka rubuta. A nan ba a buƙatar ko dala. Manhajar Arduino IDE kyauta ce, kuma tana da tagar Serial Monitor, inda allon ke rubuto abin da yake karantawa. A tabbatar gudun da aka sa a umarnin, misali 9600, shi ne aka zaɓa a tagar, in ba haka ba sai haruffan shirme su cika fuska. Wanda ba shi da kwamfuta na iya farawa da ArduinoDroid a wayar Android, da igiyar OTG.

Sai aiki ya girma ake bukatar na'urar da ke tsayar da umarni layi-layi don a leƙa cikin guntun. A nan ne kuɗi ke salwanta, domin kowane gida da mabuɗinsa. ST-Link na allunan STM32 ne. USBasp na guntayen ATmega ne, kuma loda umarni kawai yake yi. Mai Pico guda biyu yana iya mayar da ɗaya abin binciken ɗayan. Arduino IDE 2.0 ta 2022 ta zo da wannan dama ta tsayar da umarni, amma ba ta aiki da tsohon Uno.

Ƴan uwa mazauna Faransa, Turkiyya ko China da ƙane ya roƙa su aiko da kayan, su fara tambayarsa sunan guntun da ke jikin allonsa, ko ya turo hotonsa. A cikin saƙon kuma kada a manta da mita, igiyar USB mai ɗaukar bayanai, da allo na biyu, don in ɗaya ya ba da matsala a gwada da ɗayan.