Matasan Nijar da Makamashin Gobe

Asalin ma'anar kalmar "makamashi" shi ne itace ko kara da ake hura wuta da shi. A yau ma'anar ta faɗaɗa, ta haɗa da man fetur da gas da kwal da hasken rana. A wannan darasi za mu duba inda Jamhuriyar Nijar take samun makamashinta, da dalilin da ya sa ya kamata a saurari matasa a kan wannan batu.

Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Tashar lantarki ko madatsar ruwa kuwa, idan an gina ta, takan yi aiki shekaru da dama. Ke nan shawarar da dattawa suka yanke yau, matasa ne za su zauna da ita, su ne kuma za su biya bashin da aka ci don aiwatar da ita.

A yanzu kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne yake da lantarki a gidansa, kuma yawancinsu a birane suke. Mafi yawan gidaje da itace suke girki. Kafin shekarar 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin ƙasar daga Nijeriya yake zuwa. Waya ɗaya ta bi ta Birnin Kebbi zuwa Yamai, wata kuma ta bi ta Katsina zuwa yankin Maraɗi da Damagaram. Bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023, Nijeriya ta katse wutar, ba ta maido ta ba sai a 2024. A waɗannan watanni masu walda da masu niƙa da masu sayar da ƙanƙara sun ji jiki, ɗalibai kuma sun yi karatu da fitila. Wannan ne dalilin da ya sa zancen makamashi ya fito daga ofisoshi ya shiga fada da majalisun shan shayi.

Hanyoyin da ke gaban ƙasar suna da yawa, kowace da amfaninta da matsalarta. Akwai kwal a Anu Araren kusa da Agadas, inda kamfanin SONICHAR yake samar da lantarki tun 1981 don ma'adinan uraniyom na Arlit da garuruwan arewa. Amma hayaƙin kwal yana gurɓata iska. Akwai madatsar ruwa ta Kandaji a kan Kogin Kwara, wadda aka tsara za ta ba da megawat 130. An aza harsashinta a 2008, aikin ya yi ta samun jinkiri, kuma dole a tashi dubban mutane daga garuruwansu. Akwai man fetur da ake tacewa kusa da Damagaram tun 2011. Sai kuma rana, wadda Allah ya hore wa ƙasar. An buɗe tashar hasken rana ta megawat 7 a Malbaza a 2018, da ta megawat 30 a Goru Banda kusa da Yamai a 2023. Matsalarta ita ce dare, domin baturan ajiye wuta suna da tsada, ga ƙurar hunturu tana rufe allunan.

Tunanin amfani da rana ba sabo ba ne a Nijar. Farfesa Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya shugabanci ofishin binciken makamashin rana na ƙasa daga 1969 zuwa 1985, kuma sunansa Jami'ar Yamai take ɗauke da shi tun 1992. A wannan jami'a akwai shirin karatu kan sauyin yanayi da makamashi, wanda ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma suke halarta da tallafin Jamus.

Gudummawar matasa ba ta tsaya a jami'a ba. Saurayin da yake cajin wayoyi a kasuwar ƙauye da allon hasken rana ya san irin baturin da yake jure zafi. Yarinyar da take tafiya mai nisa neman itace ta san murhun da yake cin makamashi kaɗan. Irin wannan sani ba ya cikin rahotannin ma'aikatu, sai an tambayi masu shi.

A nan ne aikin ɗalibin harshe yake. Yawancin takardun tsarin makamashi da Faransanci aka rubuta su, alhali mafi yawan matasan ƙasar da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamashek ko Barbarci suke tunani. Wanda bai fahimci tambaya ba ba zai ba da amsa ba. Saboda haka sai an sami masu fassara da masu ƙirƙiro kalmomi, waɗanda za su kai zancen gidajen rediyo da makarantu, su kuma mai da amsar jama'a ga hukuma.

Tambayoyi

1. Yaya ma'anar kalmar "makamashi" ta faɗaɗa?
2. Kawo amfani ɗaya da matsala ɗaya ta kowace hanyar samun lantarki da aka ambata.
3. Rubuta sakin layi ɗaya kan makamashin da kake ganin ya fi dacewa da garinku, ka faɗi dalilanka.