Darasin zaman lafiya a lakwal: a fara daga abin da yaro ya baro gida

Lakwal ɗin da Turawan mulkin mallaka suka kafa a ƙasashen Afirka ba ta ɗauki harsunan gida da daraja ba. Taron Barazabil na 1944 ya tabbatar da Faransanci kaɗai a matsayin harshen koyarwa, yaron da ya yi Hausa ko Zabarmanci a farfajiyar lakwal kuwa akan rataya masa alamar kunya da ake kira sambol. A littattafan tarihi na wancan zamani, yaƙin da aka ci ƙasa da shi ma «kwantar da tarzoma» ake ce masa. Ta haka ɗan lakwal ya tashi da zaton cewa zaman lafiya kaya ne da aka shigo da shi daga ƙetare.

Alhali kuwa jama'ar Nijar suna da nasu hanyoyin sulhu tun kaka da kakanni. Babba daga cikinsu ita ce taubasantaka, wato wasan da ke tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, wanda ya faɗaɗa har ya haɗa ƙabila da ƙabila: Bagobiri da Bazabarme, Bafillace da Babarbare, Buzu da Bazabarme. Abokin wasa yana faɗa wa ɗan'uwansa gaskiya mai ɗaci cikin raha, kuma al'ada ta hana fushi ya kai su ga zubar da jini. A 2014 hukumar Unesco ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin jerin kayan gadon ɗan Adam.

Bukatar koyar da irin wannan ba ƙarama ba ce. A watan Oktoba na 1991, rikicin manoma da makiyaya a Toda, cikin jihar Maraɗi, ya ci rayuka sama da 100. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, kuma sarakunan gargajiya ke da hakkin sasanta masu jayayya kafin a kai ga alƙali. Yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 da bikin ƙone makamai a Agadas a shekara ta 2000 su ma darussa ne na cikin gida. Yaron da ya san dalilin shata burtali, ya san inda ake kai ƙarar ɓarnar gona, ya fi wanda ya haddace ka'idoji da harshen da ba ya ji amfani ga garinsu.

Nan ne maganar harshe ta shigo. Tun 1973 aka buɗe lakwal ta farko ta gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a aji, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Sai dai doka ba ta koyarwa da kanta. Dole a horar da malamai tun daga makarantun horon malamai, a buga littattafai da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek, Barbarci da sauransu, domin fifita harshe ɗaya a manta da saura shi ma yana iya haifar da ƙorafi.

Komawa ga gado ba ya nufin ɓoye aibinsa. Zaman sulhu na da sau da yawa ba ya ba mata da matasa bakin magana, wannan kuwa abin gyara ne a cikin aji. Aikin yana wuyan malamai da iyaye da sarakuna baki ɗaya, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.