Na'urorin da ke iyo da fiffike irin na kifi

Duk wanda ya tsaya gaban bahon tarwada a kasuwar kifi ta Kado, kusa da Gwarinpa, ya ga yadda take lanƙwasa jiki ta juya a ɗan matsattsen wuri. Wannan ƙwarewar ce injiniyoyi ke son koya wa mutum-mutumin cikin ruwa.

Farfelar da aka saba tuƙa irin waɗannan na'urori da ita na da ƙara, tana tsorata kifaye, ga ciyawa da leda suna sarƙe ta. Shi ya sa wasu injiniyoyi suka koma ga fiffike mai laushi.

A 2018 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka fito da wani kifin roba mai suna SoFi. Wutsiyarsa ta robar silikon ce, da kogo biyu a ciki. Ƙaramin famfo ya tura ruwa cikin ɗaya, sai ya kumbura, wutsiyar ta lanƙwasa gefe guda. Ya tura cikin ɗayan, ta dawo. Da haka ya yi iyo a tekun Fiji har zurfin mita 18, kifayen gaske na gilmawa kusa da shi.

Wanda ya fi burge ni shi ne Velox, na kamfanin Pliant Energy Systems da ke New York. Dogayen fikafikai biyu ne a gefensa, suna kaɗawa kamar igiyar ruwa, kuma da su yake tafiya kan yashi da ƙanƙara idan ya fito tudu. A ganina irinsa ne zai dace da binciken tafkin Jabi da bakin madatsun ruwanmu, inda laka da ciyawa suka yi yawa.

A 2021 kuma, masu bincike a jami'ar Zhejiang ta Sin suka ba da rahoton cewa nasu mutum-mutumin ya kaɗa fikafikansa a ramin Mariana, zurfin mita 10,900.