Mai Naƙasa A Cikin Gidanmu, Ina Za Mu Kai Shi?

 Yau za mu yi magana a kan abin da gidaje da yawa suke ɗauke da shi, amma ba a cika faɗinsa a gaban taro ba. Wato yaron da ba ya ji, yarinyar da ba ta gani, ɗan'uwan da ƙafarsa ta shanye, da wanda hankalinsa ya taɓu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a shekara ta 2022 cewa mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da wata naƙasa mai nauyi. Idan majami'arku tana ɗaukar mutum 300 ran Lahadi, sai ku duba ku gani, nawa ne masu naƙasa a cikinsu? Idan biyu ne ko uku kawai, sauran ba ɓata suka yi ba. Suna gida, waɗansu kuwa a ɗakin baya, inda baƙo ba zai gan su ba.

Tambayar da takan fara zuwa bakin mutane ita ce, wa ya jawo wannan? Mu Eggon ne, ko Alago, ko Migili, ko Mada, ko Tibi, amsar da muka gada kusan iri ɗaya ce: ko maita, ko uwa ta taka wani abu lokacin da take da ciki, ko alhakin kakanni. Almajiran Yesu ma haka suka yi tunani. Cikin Yohanna sura 9, da suka ga mutumin da aka haifa makaho, sai suka nemi sanin ko laifinsa ne ko na iyayensa. Ubangiji ya kawar da laifin daga kansu duka. Mu kuwa har yanzu akwai gidajen da ake korar mace domin ta haifi yaron da bai iya zama ba.

Bari mu duba ainihin abubuwan da ke kawo naƙasa a ƙasarmu. Doguwar naƙuda a gida takan hana jariri numfashi a kan lokaci, ƙwaƙwalwarsa ta sami rauni, ya girma wuyansa bai tsaya ba, gaɓoɓinsa suna sanƙarewa. Shawarar da ke sa idon jariri ya yi rawaya cikin makon farko ita ma haka take yi, idan aka zauna ana jiran ta wuce. Ƙyanda tana makantar da yara. Sanƙarau yana kashe kunne. Shan inna ya gurgunta mutane da yawa da suka girma tare da mu, ko da yake a watan Agusta na 2020 an shaida cewa asalin ƙwayar cutar ta ƙare a Afirka. Rigakafin yara dai bai kamata a daina ba. Sai haɗarin babur, wanda kowa ya san yadda yake cin ƙafafun samarinmu.

Akwai kuma zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke kawowa ta fitsari da kashinsa a kan abincin da muka shanya ko muka bari a buɗe. Wajen mutum ɗaya cikin huɗu da suka warke daga gare shi sukan sami kurumta. Mutanen Lafiya sun san wannan ta wurin ɗan garinsu, Umaru Tanko Al-Makura. Ya faɗa da bakinsa cewa a 1990 cutar ta kama shi, ta kashe ɗansa, shi kuma ta bar shi ba ya ji sai da na'ura. Da wannan kunnen ya yi gwamnan Jihar Nasarawa daga 2011 zuwa 2019, ya kuma je majalisar dattawa. Duk uban da ya ce kurma ba shi da amfani a makaranta, sai ya tuna da wannan.

Ba kowace naƙasa ce ake zama da ita har mutuwa ba. Tsofaffi da yawa da ake ja da sanda, yanar ido ce kawai ta rufe musu gani, aikin cire ta kuwa ba ya cin awa guda. Asibitin ido na ECWA da ke Kano ya daɗe yana wannan aiki tun zamanin mishan, a nan kusa kuma ana iya fara tambaya a babban asibitin Lafiya da muka saba kira Dalhatu Araf, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Keffi. Jaririn da aka haifa da tafin ƙafa a murɗe, ana gyara shi da filasta mako bayan mako, idan an kawo shi tun ƙashinsa yana da taushi. Kuturta tana warkewa da ƙwayoyin da ake bayarwa kyauta na wata 6 ko 12, wanda ya fara shan su kuma ba ya ba kowa cutar. Yatsun da muke gani sun gutsure, jinkiri ne ya cinye su. Mun kuma ga abin da haƙurin shan magani ya yi a jiharmu: bayan shekaru ana raba Mectizan ƙauye ƙauye tare da Cibiyar Carter, a 2017 aka sanar da kawar da tundurmi a Filato da Nasarawa, makantar da ƙudan bakin rafi ke kawowa ita ma aka tsayar da yaɗuwarta.

Yanzu sai mu zo ga abin da ya fi nauyi, wato farfaɗiya da taɓin hankali, gama a nan ne muka fi yin kuskure da sunan taimako.

Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce. Ba a ɗaukarta ta yawu, ko ta cin abinci a kwano ɗaya. Idan ta tayar wa mutum, a janye shi daga wuta da ruwa, a sa wani abu mai taushi ƙarƙashin kansa, idan jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa manja ko ruwa, kada a kanga ƙafarsa a wuta. Idan ta wuce minti 5 ba ta tsaya ba, a nufi asibiti. Likitoci sun tabbatar cewa wajen mutum 7 cikin 10 za su iya daina faɗuwa idan suna shan magani kullum. Abin da ke ɓata aikin shi ne, da an ga wata biyu bai faɗi ba, sai a ce ya warke, a ajiye magani. Wani lokaci ma a wurin addu'a ake cewa a zubar da shi domin nuna bangaskiya. Mu dai ba mu ga inda shan magani ya rage wa addu'a ƙarfi ba. Luka da ya rubuta bishara ai likita ne.

Taɓin hankali kuma iri iri ne. Akwai mai jin muryoyi, akwai macen da ta rikice bayan haihuwa, akwai wanda baƙin ciki ya danne shi har ya daina zuwa gona, akwai wanda ya tsere daga harin dare a ƙauyensu, tun daga ranar bai ƙara barci mai kyau ba. Akwai kuma saurayin da ƙwaya ta lalata. Dukansu akwai magani da shawarar da ke taimakonsu, a sashen masu taɓin hankali na manyan asibitoci, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton yadda ake ɗaure irin waɗannan mutane da sarƙa a Nijeriya, a wuraren masu maganin gargajiya, da na Musulmi, da na Kirista. Ba mu da bakin cewa na waɗansu ne. Mun san iyali sukan ɗaure mutum ne domin gajiya da tsoro, amma sarƙa tana ƙara ciwo, bulala da azumin dole kuma ba su taɓa fitar da cuta ba. A watan Janairu na 2023 aka sanar da sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba mai wannan ciwo haƙƙin a bi da shi kamar mutum.

Game da karatu, ikkilisiya ce ta fara buɗe hanya. A 1953 mishan na SUM suka kafa makarantar yara makafi a Gindiri, inda ake koyon karatu da yatsu. Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka wanda shi kansa kurma ne, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. A nan Lafiya kuwa, a watan Fabrairu na 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe makarantar da gwamnatin Al-Makura ta gina domin makafi, da kurame, da guragu, wadda ake kira Comprehensive Special School. Shawararmu ga iyayen kurma ita ce, kada ku jira ya yi magana tukuna. Ku kai shi da wuri ya koyi maganar hannu, wani kuma daga cikin gida ya koya tare da shi. Yaron da ke da yare a makaranta amma ba mai fahimtarsa a gida, baƙo ne a ɗakin uwarsa.

Dokar ƙasa ma tana bayanku. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci. Wanda ya karya ta zai biya tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, kamfani kuwa naira miliyan 1. Ta ce karatu kyauta ne gare su har sakandare, a ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na ayyukan gwamnati, a fara sallamarsu a layi, ta kuma hana a yi bara da su. An ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga, wa'adin ya cika a Janairu na 2024, kowa kuwa yana ganin matakalan da ba a taɓa ba. Akwai hukumar masu naƙasa ta ƙasa a Abuja, wadda a 2024 aka naɗa Ayuba Gufwan ya shugabance ta. Shi mutumin Filato ne da shan inna ya kama tun yana yaro, an kuma san shi da cibiyar Beautiful Gate a Jos, mai ƙera kekunan guragu tana rabawa kyauta. Jihar Nasarawa ma tana da tata hukumar a Lafiya, akwai kuma ƙungiyar naƙasassu ta JONAPWD. Taimakon da ke wuraren nan bai kai yawan masu bukata ba, amma wanda sunansa ba ya cikin takarda, ko an zo rabo ba za a kira shi ba.

Abu guda ya rage wanda ba ya bukatar gwamnati. Mefiboshet, jikan Saul, yana da shekara 5 mai renonsa ta ɗauke shi da gudu, ya faɗi, ƙafafunsa biyu suka gurgunce. Littafin Sama'ila na biyu sura 9 bai ce ya warke ba. Abin da Dawuda ya yi shi ne, ya aika aka ɗauko shi daga Lodebar, ya mayar masa da gonakin kakansa, ya sa Ziba da 'ya'yansa su nome masa, ya kuma ba shi wurin zama a teburin sarki. Gona da wurin zama ke nan. A garuruwanmu, ranar rabon gado ce ake mantawa da gurgu da mai farfaɗiya, a ce ai ba zai iya noma ba, 'yan'uwa su raba nasa da alkawarin za su ciyar da shi. Dattawan ikkilisiya da ake kira su shaida rabo, su tabbata an rubuta rabonsa da sunansa, a kuma rubuta wanda zai nome masa, da abin da zai riƙa ba shi bayan girbi. Zumuntar mata su sa rana ɗaya a mako da wata za ta zauna da yaron da ba ya tashi, domin uwarsa ta sami zuwa kasuwa. Kwamitin gini kuwa, buhun siminti kaɗan da yashi sun isa a zuba gangara a ƙofar majami'a, faɗinta ya ɗauki keke, kada kuma ta yi tsaye har mai keken ya kasa hawa shi kaɗai.