Hatimin dagaci da takardar gona: Ina iyakar ikon ƙauye a dokar ƙasa?

Duk wanda ya bi hanyar Katsina daga Dawanau zuwa Bichi, ko ya ɗauki hanyar Daura ta Dambatta, zai lura cewa babu sauran daji a wannan yanki. Gona na manne da gona, iyaka ba ta wuce layin gamba ba, sai itatuwan gawo da ɗorawa da kuka jefi-jefi, kowanne kuma da mai shi. Shekaru aru-aru ke nan ana noma wannan ƙasa babu hutu, ana ciyar da ita da takin da jakuna ke kawowa a mangala. A yau 'yan kasuwa da ma'aikatan birni sun shiga sahun masu nemanta, wani don noma, wani don gidan kaji, wani kuma don ya ajiye har gari ya iso.

Yawancin irin wannan ciniki a takarda guda yake ƙarewa: sunan mai sayarwa da mai saye, shaidu, sa hannun mai unguwa, sannan hatimin dagaci. Mai saye ya naɗe takardarsa ya komo birni da yaƙinin cewa hukumar ƙauye ta mallaka masa gona. Sai dai a idon dokar Nijeriya babu wata hukuma mai suna ƙauye.

A wasu ƙasashe akwai ta. A jihohin Amurka irin su New York da Ohio da Michigan, ƙauye na iya zama hukuma mai cin gashin kanta, mai iyaka a rubuce da zaɓaɓɓiyar majalisa. Yana aza haraji, yana kafa ƙananan dokoki, yana mallakar kadara da sunansa, yana kai ƙara, ana kuma kai ƙararsa, tamkar dai yadda kamfani yake a gaban kotu. Indiya ma ta bai wa majalisun ƙauyukanta gurbi a tsarin mulki da gyaran da ta yi a 1992. Mu a nan, tsarin mulkin 1999 ya tsaya a kan ƙaramar hukuma. Sashe na 7 ya ba da tabbacin zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, ƙasar na da 774, Kano na da 44 daga ciki. Daga nan babu wani mataki na gwamnati a ƙasa. Mazaɓar kansila ta zaɓe ce kawai, ba ta da baitulmali. Tsarin mulkin kuma bai bai wa sarki ko hakimi ko dagaci wani aikin zartarwa ba.

Ba haka abin yake a da ba, shi ya sa tsofaffi ke ganin kamar an yi wa rawani fashi. A zamanin En'e, dagaci ne ƙafar mulki. Tun bayan da Turawa suka tura hakimai su zauna a gundumominsu a farkon ƙarni na 20, umarni kan sauko daga fadar sarki zuwa hakimi, kamar Sarkin Bai a Dambatta ko Madaki a Dawakin Tofa, daga nan zuwa dagaci, sannan mai unguwa. Dagaci ke ƙidayar magidanta, ya tara haraji da jangali, ya bai wa baƙo saura ya noma, ya karɓe gonar wanda ya yi ƙaura ya bar ta. Ko a lokacin ma, ikon na En'e ne, shi wakili ne, amma talaka ba ya ganin bambancin. Daga ƙarshen shekarun 1960 aka soma zare wannan iko: kotuna suka koma hannun gwamnatin jiha, 'yan doka da gidan yari suka koma na tarayya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mayar da sarakuna masu ba da shawara. Sai Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, dagaci ya rasa babban aikin da ke sa a ji tsoronsa.

Abin da ya fi shafar mai sayen gona shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 29 ga Maris, 1978, wadda sashe na 315 na tsarin mulki ya kare ta yadda ba a iya gyara ta sai ta hanyar da ake gyara shi kansa tsarin mulkin. Sashenta na farko ya ɗora dukan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Ƙasar da ke cikin yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni tana ƙarƙashinsa kai tsaye. Wadda ke wajen birni, ƙaramar hukuma ke kula da ita, kuma ita ce sashe na 6 ya bai wa ikon ba da haƙƙin zama irin na gargajiya, muddin filin bai wuce hekta 500 na noma ko hekta 5,000 na kiwo ba. Abin da ya haura haka sai da yardar gwamna. A arewacin Kano, inda magidanci da yawa ba su da ko hekta biyu, wannan iyaka ba ta taɓa kowa. Muhimmin abu shi ne sunan da dokar ta ambata, kuma ba ta ambaci dagaci a nan ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan tsauri. Sashe na 21 ya hana sayarwa ko jinginar da haƙƙin gargajiya ba tare da amincewar ƙaramar hukuma ba. Sashe na 36, wanda ya tabbatar wa manoman da ke riƙe da gonakinsu tun kafin 1978 haƙƙinsu, ya hana yanka irin waɗannan gonaki fuloti-fuloti ko miƙa su ga wani, ya ce takardar da aka rubuta a kan haka ba ta da tasiri, har ya tanadi tarar Naira 5,000 ko ɗaurin shekara guda. Kowa ya san ana keta wannan sashe kullum, kuma a ganina dokar ce ta kauce wa rayuwar mutane, domin sayar da gona da jingina da aro sun girme ta nesa ba kusa ba a ƙasar Kano. Amma tana nan a rubuce, lauyan abokin shari'a kuwa ya san inda take.

To, ke nan hatimin dagaci banza ne? A'a. Shaida ce, kuma shaida mai nauyi. Dagaci da mai unguwa ne suka san gonar nan gado ce ko jingina, su ne suka san ko an raba gadon ko har yanzu akwai 'yar'uwa da ke aure a wani gari wadda ba a ba ta rabonta ba. Wannan na ƙarshe shi ya fi kayar da masu saye. Idan ɗaya daga cikin magada ya sayar da kasonsa a gonar da ba a raba ba, fiƙihun Malikiyya ya bai wa sauran haƙƙin shuf'a, wato su biya kuɗin da aka saya su karɓe. Su ne kuma suka san inda burtali ya bi da inda makiyaya ta soma. Alƙali zai saurari dagaci, amma a matsayin mai ba da shaida. Dagaci na iya yin sulhu, galibi ma a zaurensa rigimar iyaka ke mutuwa, amma wanda bai gamsu ba yana da damar zuwa kotun Shari'ar Musulunci ko Babbar Kotun Jiha, kuma dagaci ba shi da ikon tsare shi ko cin sa tara.

Haka abin yake ga kasuwar ƙauye da tasha da mayanka da maƙabarta. Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya sanya su duka cikin ayyukan ƙaramar hukuma, tare da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Ɗan kasuwar da aka nemi ya biya kuɗin rumfa yana da haƙƙin ya ga rasit na ƙaramar hukuma. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, shi ma a sakatariya ya tsaya, bai ware wa ƙauye ko kwabo ba.

Shi kansa rawanin yana rataye ne da dokar jiha. Mutanen wannan yanki sun ga haka da idonsu: a 2019 aka kafa masarautar Bichi, dagatai da yawa suka koma kai gaisuwa can, a watan Mayun 2024 aka soke dokar, suka sake fuskantar Kano.

Da yake ƙauye ba ya iya tsayawa a kotu da sunansa, idan aka taɓa filin jama'a sai wasu dattawa su shigar da ƙara a madadin kansu da sauran al'umma, ko kuma a yi wa ƙungiyar ci gaban gari rajista da amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, ta samu damar riƙe kadara. Wuri guda da Dokar Amfani da Ƙasa ta tuna da shugaban al'umma shi ne sashe na 29: idan gwamnati ta karɓi filin jama'a, gwamna na iya umartar a biya diyya ga al'ummar, ko ga shugabanta, ko a zuba a wani asusu. Zaɓin na gwamna ne. Diyyar kuma ta amfanin gona ce da gini da abin da aka kashe wa ƙasar, ba farashin da mai saye ya biya ba.

Maƙwabtanmu na Nijar sun bi wata hanya. Dokarsu ta karkara ta 1993 ta share fagen kafa kwamitocin ƙasa har zuwa matakin ƙauye, inda mai gari ke shugabanta, takardar cinikin da ya sa wa hannu kuma tana da gurbi a tsarin hukuma. A Kano, mai saye ne zai haɗa wannan gada da kansa. Bayan hatimin dagaci, sai ya nemi sa hannun dukan magada, ya kai takardar sashen filaye na ƙaramar hukuma a tabbatar masa. Idan kuma gonar tana Ungogo ko gefen Dawanau, inda gine-gine suka riga suka cinye gonaki, sai ya fara zuwa ma'aikatar ƙasa ta jiha ya bincika ko filin ya shiga yankin birni ko wani shiri na gwamnati, domin idan ya shiga, ko ƙaramar hukumar ma ba ta da ta cewa a kansa.